Tasha na kusa, wutsiya ce da nisa

Duk baƙon da ya shiga ajin Jamusanci, makon farko da fara'a yake fitowa. Malama ta ce "nah" shi ne kusa. Harafi uku kacal! Har ya fara shirin kiran gida ya ce ya sauke.

Sai a kawo zancen tashar jirgin ƙasa. In tashar da aka sani ce, "der nahe Bahnhof". In wata tasha ce kawai, "ein naher Bahnhof". In a bakinta kake tsaye, "am nahen Bahnhof". Tasha ko gezau ba ta yi ba, wutsiyar kalma ce ke ta sauya kama. Mu ma muna da farin gida da farar mota da fararen kaji, amma nan muka tsaya saboda tsoron Allah. Bajamushe kuwa jinsi uku gare shi, har yarinya, "das Mädchen", ya jefa a na ukun, ita ba mace ba, ita ba namiji ba. Ya ba suna matsayi huɗu a jimla, ya zana jadawali uku masu gurbi 48 gaba ɗaya, duk don a raba wutsiyoyi biyar: -e, -en, -er, -es, -em. Tun 1880 marubucin Amurka Mark Twain ya kai kuka a rubuce, ko ɗaya ba a rage masa ba.

Shi ya sa baƙi suka ƙware a haɗiye wutsiya. Ka saurari ɗan'uwanmu da ya daɗe a Hamburg: yana isa ƙarshen kalma sai tari ya sarƙe shi, ko ya shiga gyaran hula. Masu wayo kuma "in der Nähe" suka riƙe, tunda ita ba ta sauyawa, kome nasu a kusa yake, har Munich.

Su ma masu harshen da nasu halin. Ka tare dattijuwa kana haki kana tambayar tasha, jirgi na shirin tashi, sai ta gyara maka wutsiya tukuna, cikin ladabi, ta jira ka maimaita. Sannan ta ce ai kusa ne, a ƙafa ma za ka je. In mutumin da yawon daji ne hutunsa na Lahadi ya ce maka kusa, kai dai ka nemi ruwa ka riƙe.

In ɗan'uwan nan ya zo hutu Kano kuwa, a majalisa Jamusanci zuba yake yi, kowace wutsiya da ƙarfinta. Sai wani ya ce, "Alhaji, ga ɗan maƙwabcinmu nan, a Bonn ya yi karatu." Nan take tarin ya tashi.