Mai Shigowa Ɗan Halak, Mai Fita Maci Amana

A Amurka akwai wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, alhali ƙafa ba ta cika taɓa ƙwallon ba. Ita kanta ƙwallon ta fi kama da gwandar da aka matse wa baki da gindi. Ƙarti 11 nan, ƙarti 11 can, kowa da hular kwano da kafaɗun aro, su yi ta gwabza karo kamar ragunan da aka sako daga turke. A cikinsu akwai guda da suke kira kwatabak, mu ce masa madugu. Shi ake miƙa wa ƙwallo, shi ke duba hanya, shi ke jifa. In an ci wasa a ɗaga shi sama, in an sha kashi a ce dama hannunsa a karkace yake.

Wasan jami'o'i kuwa ya fi ƙarfin a kira shi wasan ɗalibai. A garin Norman na jihar Oklahoma, filin jami'ar yana cin mutum sama da 80,000. Ranar Asabar tun da hantsi za ka ga dattijo da furfura, wanda ya bar makaranta shekara 40 da suka wuce, ya buɗe bayan motarsa yana gasa nama, ya shafa jan fenti a fuska har kunne. Kusa da shi ga wani wanda bai taɓa leƙa ajin jami'ar ba, amma ya fi shugabanta kishinta. Waɗannan bayin Allah su ne abin kallonmu yau.

A da, in ɗan wasa ya bar wata jami'a zuwa wata, sai ya yi shekara guda a benci bai buga ba, kamar mai idda. A watan Oktoban 2018 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta buɗe wani kundi a kwamfuta, inda duk mai son tafiya zai sa a rubuta sunansa, masu horarwa su gani su yi layi. A 2021 aka ɗage iddar ga mai sauyin farko, kuma daga watan Yulin shekarar aka halatta wa ɗalibi ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Shi ke nan kasuwar zawarci ta buɗe.

To, ga yadda ta kaya a Oklahoma. A farkon kakar 2021 madugunsu Spencer Rattler ne, yaron da ake wa kallon shi zai ɗauki kambun Heisman, wato kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. A watan Satumba, suna karawa da West Virginia a gida, hannunsa ya ɗan yi sanyi. Nan take 'yan kallo suka hau yi masa ihu, suna rera cewa Caleb suke so. Caleb Williams ɗan aji ɗaya ne da ke zaune a benci, ko ɗumin wurin bai gama ji ba. Abin dariya, Oklahoma ce ta ci wasan 16 da 13, kuma har ranar ba wanda ya doke ta a kakar. Sun yi wa ɗansu ihu a tsakar gidansu, ranar da ya kawo musu nasara.

Mako biyu bayan haka, a Dallas, abokiyar gabarsu Teksas ta yi musu 28 da 7. Mai horarwa Lincoln Riley ya cire Rattler ya sa Caleb, yaro ya juya wasa, aka tashi 55 da 48. Daga ranar Caleb ya zama ɗan lele. Rattler ya tattara komatsansa a ƙarshen kaka ya nufi South Carolina, ba wanda ya yi masa wa'azin riƙon amana, ba wanda ya raka shi ko bakin ƙofa.

Ana cikin wannan amarci sai Riley ya yi musu ta ba-zata. Ranar 28 ga Nuwamba, kwana ɗaya da shan kashi a hannun maƙwabciyarsu Oklahoma State, ya karɓi aiki a jami'ar USC da ke Los Angeles. Ranar 3 ga Janairun 2022 Caleb ya shiga kundin zawarawa, ranar 1 ga Fabrairu ya bi maigidansa Kalifoniya. Shekararsa 20 lokacin.

A nan ne magoyin baya ke nuna bajintarsa, kuma ciwon nasa hawa-hawa ne, kowace jami'a iri ɗaya. Hawan farko musu: ƙarya ne, 'yan jarida ne, yaron nan jininmu ne. Hawa na biyu lallashi, inda za ka ga mai jikoki ya duƙufa a kan waya da tsakar dare yana rubuta wa sa'an jikansa saƙon ban haƙuri, har da hoton zuciya. Hawa na uku bincike. Mutumin da ko makullin motarsa ba ya iya nemowa da safe sai ya zama jami'in leƙen asiri, yana ƙirga wa yaron ya daina bi a Instagram, wane hoto ya goge, wane jirgi ya tashi daga wane gari. Hawa na huɗu tsinuwa: butulu, ɗan kwangila, kuɗi ya bi. Na biyar shi ne wanda na fi so, wato sake rubuta tarihi. Wanda jiya ya yi rantsuwa ba a taɓa haihuwar maharbi irin wannan ba, yau zai kishingiɗa ya ce, "Ni fa tun farko ban yarda da jifansa ba. Gara da ya tafi." Rigar mai lambar yaron kuwa tana can ƙasan akwati, ya saye ta da tsada, ba ta sawuwa, ba ta yarwa.

Fushin na Oklahoma har majalisa ya leƙa. Wani sanatan jihar ya kawo shawarar a sa wa wata hanya sunan Lincoln Riley, amma inci 3 kacal na ƙarshenta, daidai inda ake fita daga jihar, can wani lungu da ba kowa. Ka ji ramuwar gayya irin ta masu ilimi.

Amma bari mu buɗe littafin baya, tunda laifi tudu ne. Baker Mayfield, wanda ya ɗauko wa Oklahoma kambun Heisman a 2017, daga ina ya zo? Daga Texas Tech ya sauyo sheƙa. Kyler Murray da ya ɗauko a 2018 fa? Daga Texas A&M. Jalen Hurts da ya zo na biyu a 2019? Daga Alabama. Madugai uku a jere, duk 'ya'yan wasu ne aka raina aka kawo musu. A lokacin ba a ji kalmar butulci a Norman ba. Cewa ake yi yaro ya yi hankali, ya gane gidan arziki. Kai, a ranar da Caleb ya shiga kundi, kafin hawaye su bushe, Dillon Gabriel ya ce yana tafe. Shi Gabriel daga jami'ar UCF ya taso, ya riga ya yi wa UCLA alkawari, ya warware ya karkato Oklahoma. Aka tarbe shi da guɗa. Warware alkawari ashe ba laifi ba ne, muddin ƙofarmu aka nufo. Bayan kaka biyu shi ma ya wuce Oregon, tunda kowa ya san hanyar da ya shigo.

Ita kanta jami'ar, a watan Yulin 2021, ta sanar cewa za ta bar rukunin Big 12, maƙwabtan da ta daɗe tana wasa da su, ta koma rukunin SEC inda kuɗin talbijin ya fi kauri. Uwa ta sauya gida an ce hangen nesa, ɗa ya bi sahu an ce tarbiyya ta lalace. Ko laƙabin ƙungiyar ma abin dubawa ne. Sooners ake ce musu, sunan mutanen da suka yi riga-malam-masallaci a rabon filayen 1889, suka kutsa suka kama wuri tun ba a ba da izinin tashi ba. Jikokin masu wannan suna ne ke koya wa yaro darasin haƙuri da zama wuri ɗaya.

Ƙarshen kakar 2022 ya zo da gishiri a kan gyambo. Oklahoma ta ci wasa 6 ta sha kashi 7, Caleb kuwa, wanda dama ba a yarda da jifansa ba, ya ɗauki Heisman a USC. A 2024 shi aka fara zaɓa cikin duk 'yan wasan da suka shiga gasar ƙwararru, Chicago Bears ta ɗauke shi.

Kada a ce na tsangwami Oklahoma. A watan Afrilun 2025 madugu Nico Iamaleava ya rabu da Tennessee ana ta maganar kuɗi, ya koma UCLA, mutanen Tennessee suka yi ta Allah wadai da zamanin da yara ba su san gida ba. Zuwansa ya ture Joey Aguilar, wanda bai daɗe da sauka a UCLA daga Appalachian State ba. Ina Aguilar ya nufa? Tennessee. Ba ni gishiri in ba ka manda. Nan da nan aka gano cewa shi wannan yaron mutunci ne da shi.

Mai karatu, ina jin ka kana dariya, kana cewa Amurkawa ba su da aikin yi. Sannu. Tuna daren da Robin van Persie ya bar Arsenal zuwa Manchester United a 2012, ka tuna abin da ya fito daga bakinka a gidan kallo. Shi dai dattijon Norman yana iya cewa jami'ar garinsu ce.

Magoyin baya ba amana yake nema ba, nasara yake nema ranar Asabar, amana sunan da ya raɗa wa son kansa ne. Yaron da ƙarti ke murƙushewa kowane mako, wanda karaya ɗaya za ta iya rufe masa kasuwa har abada, yana da shekara huɗu ko biyar ne kawai ya nemi na kansa. Kai da ke kan kujera da nama a hannu, in ya zo ka tafa masa, in ya tashi ka ce Allah ya kiyaye hanya. Wani na nan tafe daga gidan wasu, kuma su ma can suna tsine masa.