Jar Fitila Ta Kama, Mun Ce Sai Mun Isa Gida

A majalisarmu ta gindin darbejiya, in aka san mutum da mota sannan aka gan shi ya sauko daga Adaidaita Sahu, ba a barinsa ya gyara zama sai ya ba da labari. Ranar Asabar bayan la'asar Alhajin ƙarshen layi ne ya iso haka, yana share gumi da hannun riga.

"Alhaji, lafiya? Ina Corollar?"

"Tana gareji. Inji ya buga."

Kowa ya yi salati. Ya ce daga Wudil yake dawowa, yana haye gada sai jar fitilar nan mai kama da butar shayi ta kama. Ya dube ta, ya dubi hanya, ya ce a ransa bari ya lallaɓa ya isa gida, gobe da safe a kai wa makanike. Kafin ya kai Mariri sai ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, motar ta yi shiru a gefen titi.

Baba Direba, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan Peugeot 504 tsakanin Kano da Jos, ya ajiye kofin shayinsa. "Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma wannan fitila ba a ce mata bari in isa gida. In ta kama, ko a gaban gidan surukanka ne ka faka ka kashe mota."

Gaskiya Baba ya faɗa. Yawancinmu mun ɗauka butar nan cewa take mai ya ɗan ragu, a ƙara in an samu sarari. Abin da take faɗa ya fi haka tsanani: baƙin mai ya daina zagaya inji da ƙarfin da ake bukata. Ko ya tsiyaye, ko famfon da ke tura shi ya gaza, ko datti ya toshe masa hanya. A wannan lokacin ƙarfe ke gugar ƙarfe ba komai a tsakaninsu, kuma 'yan mintoci sun isa su cinye injin da ya yi shekara ashirin yana aiki lafiya.

Daga nan hira ta ɓarke, domin kowa a wurin yana da tasa fitilar. Haka muke. Wani fitilar cek ɗinsa ta shekara biyu a kunne, in ka tambaya ya ce ai tun daga Kwatano haka ta zo. Wani ya yanki baƙin salatif ya liƙe tasa don kada ta dame shi da dare. Wani hoton yaransa ya jingina a wurin. Malamin makarantar da ke zama kusa da mai shayi ya ce shi da ya je sayen motarsa, allon tas yake ba fitila ko ɗaya, sai daga baya aka gano an zare ƙwan ne gaba ɗaya. Maganin wannan kuwa mai sauƙi ne. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, duk fitilun za su kama. Ka tayar, su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, a tambayi dillali inda ta tafi.

Masu ƙera mota ba su wahalar da mu ba, da launi suka yi mana magana. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai, kamar sigina ko doguwar fitila. Ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da jimawa ba. Ja kuwa tsayawa ce. In alamar batir ta kama kana tafiya, sau da yawa ba batirin ne ya lalace ba, caji ne ya tsaya, wato altaneta ko bel. A motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, saboda haka zafi na biye da shi. In ta zafi ce ta kama, a tsaya, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce. Fitilar cek ma in ta koma ƙiftawa, wuta ce ke tsallake a inji, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona abin nan da makanikai ke kira indomi.

Akwai wani matashin makanike a layinmu da ke yawo da 'yar kwamfutar duba mota a aljihu. Shi ya ce tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wurin da ake soka na'urar a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi lambar ciwon. Maimakon a yi ta canza fulogi da kwayil ana laluben duhu, minti biyar sun isa a san inda za a dosa.

Sai Alhaji ya ce, "To ni abin da ya ɗaure mini kai, watan jiya aka yi mata juye. Kuma mai kauri na sa aka zuba, 20W-50."

Baba Direba ya gyaɗa kai. "Shi ne mai. Wanda in ka taɓa ka ji shi a yatsa kamar zuma. Wannan zafin namu, me ruwa-ruwa zai tsinana?"

Matashin ya ɗan rusuna. "Baba, a gafarce ni. A 504 maganarka dutse ce. Amma injin Alhaji ba irin wancan ba ne."

"To ɗana, faɗa mana."

Ya ce Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da sauran motocin zamaninta, akwai 'yar tazara tsakanin ƙarafunan injinsu, mai kauri ke cike ta. Injinan yanzu a matse suke, hanyoyin man cikinsu sirara ne. Irin na Toyota mai rubutun VVT-i ma da ƙarfin baƙin mai yake sarrafa buɗewar bawul. In ka ɗura masa mai kauri, da safe sai ya ɗau lokaci kafin ya hau sama, kuma a wannan ɗan tsakanin inji ya fi cinyewa. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ta zo daga Amurka 5W-30 aka rubuta mata. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda muke kira EOD, 5W-20 ce. Sababbi da yawa 0W-20 suke sha.

Lambobin ma ba wani sirri ba ne. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda mai ke gudu in inji na da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Mu muna kallon rana ta kai digiri 40 a watan Afrilu mu ce sai mai kauri, alhali ruwan inji mai lafiya wajen digiri 90 yake zama, a Kano yake ko a Kanada. Littafin wata motar yakan ba da zaɓi biyu ko uku gwargwadon yanayin ƙasa, sai a ɗauka daga ciki. Injin da ya tsufa yana shan mai, makaniken da ya san aikinsa zai iya ɗaga shi mataki ɗaya. Abin da ba daidai ba shi ne a yi wa kowace mota kuɗin goro.

Sai kuma ɗabi'armu ta neman sauƙi. Mukan tsaya bakin titi a auno mana mai a gorar ruwa, ba suna ba lamba, ba wanda ya san daga wace durom ya fito. Mukan yi juye mu bar tsohuwar filta don an ce ai da sauranta. Araha ba ta ado. Galan na ƙwarai a rufe yake da hatiminsa, an rubuta SAE da lambar kauri, an rubuta API da matakin inganci, irin su SN na 2010 da SP na 2020. Da ƙurar hunturu da cunkoson cikin gari, wanda ya yi juye da sabuwar filta duk kilomita 5,000 ko wata shida bai yi asara ba. Tsakanin juye da juye kuma, sau ɗaya a mako, a faka a shimfiɗaɗɗen wuri, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu.

Baba Direba ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ashe zamani ya canza har a cikin galan." Alhaji kuma ya ce da ya kashe mota a bakin gadar Wudil, da kuɗin janwe kawai zai biya da ɗan gyara, ga shi yanzu ana yi masa cigiyar inji a Ƙofar Ruwa. Aka kira magariba, muka tashi alwala.

Ɗan'uwa mai mota, gobe da safe kafin ka tayar, ɗaga bonet ka karanta abin da aka rubuta a murfin zuba mai. In babu, nemi littafin motar. Wannan lambar za ka riƙa saya. Ka ɓare salatif ɗin da ka liƙa a allo. Ranar da jar buta ta kama kuma, ka faka nan take ka kashe inji.