Madalla da Laburaren da Littafinsa Bai Taɓa Ɓata Ba

Yabon gwani ya zama dole. Ranar taron iyaye da malamai na je sakandaren gwamnati da ɗiyata take karatu, na roƙi a nuna mini laburaren da muke biya wa kuɗi kowane zango. Abin da na gani ya isa a yi masa kirari.

Tun daga ƙofa za ka san akwai riƙon amana a nan. Ƙaton kwaɗo ne a rataye, tsatsa ta yi masa lalle. Mukullin yana hannun malamin lissafi, shi ne kuma mai kula da laburare, ga shi ya tafi Ma'aikata bin takardar ƙarin girma. Da ƙyar aka samo na ajiya a aljihun teburin shugaban makaranta, sai da aka ɗiga wa kwaɗon baƙin mai sannan ya yarda ya buɗe. Wane banki ne yake tsare dukiya haka? Shekara da shekaru ba ɗalibin da ya yage shafi ko ya ari littafi ya ƙi dawo da shi, domin tun farko ba a bar shi ya taɓa ba. Rigakafi ya fi magani.

Kada wani ya yi ƙazafin cewa ba a karatu a ciki. Akwai masu nazari dare da rana. Gara ta sauke Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, littafi na ɗaya har na uku, bango zuwa bango. Yanzu ta kama Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, waɗanda suka fito daga gasar rubutun Zariya ta 1933. Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga, ba wanda ya tambaye shi katin makaranta.

Ta fuskar sada zumunci kuwa, laburaren nan ba shi da na biyu. Taswirar da ke bango tana nan da jihohi 19 na 1976. Katsina ba ta rabu da Kaduna ba, Jigawa tana ɗakin Kano, Zamfara tana gidan Sakkwato, babban birni kuma Legas. Abin da gwamnatocin soja suka raba a 1987 da 1991 da 1996, laburarenmu ya ƙi amincewa. Tarayyar Sobiyet ma tana raye a kan kanta cikin ƙoshin lafiya. Littafin kimiyya ya riƙe Pluto a cikin duniyoyi tara, ko da yake masana sun sauke ta tun 2006. Ɗan halak ba ya yar da tsohon aboki.

Masu cewa ba mu bi zamani ba, su zo su kashe kwarkwatar ido. Akwai yanar gizo a kowace kusurwa, daga rufi har ƙasa, ta ainihi wadda gizo-gizo ya saƙa da kansa, ba ta neman data, ba ta jiran wutar lantarki. Ga kwamfutocin da wani ɗan siyasa ya kawo da kiɗa da jawabi, suna kwance a kwalayensu cikin leda kamar kayan lefe. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta zalla, amma malamanmu masu hangen nesa sun gane cewa bai kamata a rage wa yaro zumuɗi ba. Gara ya fara riƙe linzamin kwamfuta ranar jarrabawa, hannu na rawa, agogo na gudu.

Kuma ba kullum ake rufe ba, a faɗi gaskiya. Ranar da masu duba makarantu za su zo, ana share ƙurar hunturu, a fitar da karyayyun kujeru, a zaɓo yara masu tsabtar kaya a zaunar da su, kowa da littafi a gabansa. A ɗauki hoto, baƙi su sa hannu a rajista, kwaɗo ya koma bakin aiki. In sakamakon WAEC da NECO ya fito da jan biro, laifin yara ne, ba sa son karatu, waya ta lalata su, sai satar amsa suka iya.

Lallai mun zarce magabata. Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u sun yi ta rubuta littattafai ana tsakiyar hijira da yaƙi, almajirai suna kwafa da tawada da alƙalamin kara, littafi ɗaya ya zaga gari da gari har ya tsufa a hannun mutane. Mu da muka samu na ɗab'i a sauƙaƙe, mun gano hikimar da ta kuɓuce musu, wato a kulle.

Da za mu fito, na ga wata yarinya 'yar aji biyu ta ɗage a bakin taga, ta riƙe ƙarafan da hannu biyu, ta karkatar da kai tana haɗa baƙin sunayen da ke bayan littattafai. Ta tambaye ni a hankali, "Baba, yau buɗewa za a yi?" Kafin in amsa, masinja ya riga ya danna kwaɗo. Madalla da ku, masu riƙe da mukulli. Kun koya mata tun tana ƙarama cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma ranar da za a tambaye ku amanar yaran nan, littattafanku za su ba da shaida cewa ko yatsa ba ku bari an ɗora musu ba.