Giya Huɗu Baya, Ɗaya Gaba: Nazari Kan Wani Dashen Inji a Dogon Daji

Injin mota iri biyu ne ta fuskar yadda ake rage masa zafi. Akwai wanda ruwa ke zagayawa a cikinsa ya koma lagireto ya huce, kamar na Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, akwai kuma wanda iska kaɗai ke sanyayawa, wanda fitaccen misalinsa shi ne na Volkswagen Bitil, motar nan mai ƙusumbi da ake yi wa laƙabi da kunkuru, wadda ita ma aka fara haɗawa a Legas a wannan shekarar. Injinta a baya yake, silinda huɗu ne a kwance, biyu na kallon dama biyu na kallon hagu, kuma noti huɗu kacal ke riƙe da shi a jikin akwatin giya, abin da ya sa bakanike da yaransa kan sauke shi tsakanin azahar da la'asar. Wannan sauƙin saukewa shi ne tushen fitina, domin yana sa mutum ya ɗauka cewa duk injin da ya hau notin nan huɗu ya zama ɗan gida.

Motar tana da asali mai sa kwaɗayi. Ferdinand Porsche ne ya zana ta a Jamus a shekarun 1930, sannan a 1948 ɗansa Ferry ya fitar da Porsche 356, motar gudu wadda injinta na farko gyararren injin Bitil ne, shi ya sa har yau masu sha'awar tsofaffin motoci a Jamus da Amurka ke cire injin Porsche su dasa wa Bitil. Su dai sukan yi haka da littafin kamfani a buɗe da ma'auni a hannu. Rabin wannan ilimi ne ya iso Dogon Daji, a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, ya faɗa kunnen wani tsohon hedimasta da ya mallaki Bitil mai inji 1200, wato mai ƙarfin doki 34, kuma rabin da ya iso shi ne na dangantaka, na ma'aunin bai samu mota ba. Tun daga lokacin Malam ya daina kallon motarsa a matsayin abin zuwa karɓar fansho, ya koma yi mata kallon 'yar sarauta da talauci ya ɓoye.

Bakaniken da aka danƙa wa aikin ya yi suna ne a gyaran injin ban ruwa na fadama da injin niƙa, kuma hujjarsa ta cancanta ita ce yawancinsu ma iska ke sanyaya su. Ya tafi Sakkwato ya dawo da inji 1500 na tsohuwar Kombi, tare da akwatin giyarta, bisa ƙa'idar da ya kafa da kansa cewa ba a raba inji da giyar da suka tsufa tare. A nan akwai buƙatar bayani. Kombi ƙirar Jamus ta kafin 1968 tana da ƙaramin akwatin giya a gindin kowace ƙafar baya, wanda aikinsa ƙara mata ƙarfin jan kaya da ɗaga ta daga ƙasa, kuma da yake duk faifai biyu masu haƙora da suka cije juna kowanne na juyawa saɓanin ɗan'uwansa, waɗannan ƙananan akwatuna suna juya alƙiblar ƙafa. Don a gyara haka, kamfani ya ɗaura babban faifan da ke cikin akwatin giya a ɗaya gefen. Duk wanda ya ɗauki wannan akwati ya sa wa Bitil, wadda ba ta da ƙananan, ya gaji gyaran ba tare da abin da aka yi gyaran dominsa ba.

Bayan an gama ɗauri, an samu ragowar gwangwanaye baƙaƙe cike da daro, da wata doguwar roba, waɗanda bakaniken ya bayyana a matsayin almubazzarancin Turawa. A haƙiƙa su ne ke tilasta wa iskar fanka bi ta tsakanin ƙarafan silinda, robar kuma ita ke hana zafin da ya fita ta ƙasa komawa cikin fanka.

An yi gwajin farko ranar kasuwa, a gaban shaidun da ba wanda ya gayyata. Malam ya taka kuloci, ya sa giya ta ɗaya, ya ɗaga wa jama'a hannu, motar kuwa ta yi baya cikin natsuwa ta nufi teburin mai shayi. Da yake mutum ne da ya shafe rayuwarsa yana koya wa yara cewa kuskure a sake gwadawa ake yi, sai ya sa ta biyu, wadda ta tabbatar da sakamakon farko cikin ƙarin sauri, ta kwashe gwangwanayen madara da bencin masu jiran a soya musu ƙwai, ta tsaya a jikin dangar wani gida. Bakaniken, wanda ya biyo ta da gudu riƙe da sifana, ya leƙo ta taga yana haki ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ai ka dai ga ƙarfin injin."

Masu sharhi sun kasu uku. Kashi na farko suka ce hannu aka sa wa motar, suka ba da shawarar hayaƙi, wanda daga baya motar ta samar da kanta. Kashi na biyu, ƙarƙashin jagorancin wani kafinta, suka ce a juya kujera da sitiyari su kalli baya, tun da gyaran mazaunin mutum ya fi gyaran halin ƙarfe araha. Kashi na uku suka lura cewa idan giya huɗu na gaba sun koma baya, to ribas ta koma gaba, kuma wannan ra'ayi, da yake shi kaɗai ne ke da gaskiya, shi ya fi yin ɓarna.

Da ribas ɗin Malam ya ɗauki hanyar Tambuwal zuwa ɗaurin aure, a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura maki 40. Ribas giya ce ta fita daga lungu, inji na kururuwa a cikinta alhali ƙafa na rarrafe, don haka masu babur suka wuce shi, masu keke suka wuce shi suna gaisuwa, har wani mai jaki ɗauke da buhunan albasa ya jera da shi ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya kafin ya nemi izinin yin gaba. Injin da baƙin mansa bai wuce lita biyu da rabi ba, kuma gwangwanayensa na cikin daro a gareji, ya fara ƙauri daga silinda ta uku, wadda a injinan kafin 1971 dama ita ce ke samun iskar da ta riga ta ɗumama a kan na'urar sanyaya mai. Da hayaƙi ya tashi, mutanen kirki suka taho da bokitai suna neman inda ake zuba ruwa, da ba su samu ba suka sheƙa wa injin gaba ɗaya, kan silindar da aka yi da alminiyam ya tsage nan take. Garin neman gira aka rasa ido, kuma shanun huɗa ne suka mayar da motar gida.

Wani dattijon bakanike a Sakkwato ya bayyana daga baya cewa buɗe akwatin giya a juya faifan nan ɗaya shi ne kawai abin da ake buƙata. An kai ƙara gaban mai unguwa, inda Malam ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, bakaniken kuma ya nemi cikon ladan aikinsa, yana mai kafa hujja da cewa a lokacin ciniki gudu aka ambata, kuma shaidu sun ga gudu, amma ba wanda ya ambaci wajen da za a nufa. Mai shayi ya shigar da tasa ƙarar daban.