Gadon Gidan Alhaji a Madina

Babu makarantar da ke yaye malamai da sauri kamar zaman makoki a Zango. Kafin a kwashe kujerun addu'ar bakwai, wanda bai iya lissafin canjin trotro daga Madina zuwa Nima ba ya zama gwanin tumuni da sudusi. Kawun da rabonsa da gidan tun ana amfani da tsohon sidi zai bayyana da carbi, yana kuka yana ƙirga tagogi.

Marigayin kuwa, Allah ya jiƙansa, bai bar wasiyya ba. Dokar wasiyya ta Gana tana nan tun 1971, kuma abin da take nema kaɗan ne: a rubuta, a sa hannu a gaban shaidu biyu. Amma je ka ce wa dattijon Maamobi ya rubuta, ka ji amsa: "Kai yaro, so kake ka kashe ni?" Sai ya rasu ya bar gida mai ɗaki goma sha biyu, mata biyu, 'ya'ya goma sha bakwai, da takardar fili da gara ta cinye daidai wurin sa hannun sarki.

Daga nan ake shiga kasuwar dokoki, kowa ya zaɓi wadda ta yi masa daidai. 'Ya'ya maza tsoron Allah ke kama su farat ɗaya: a kira liman, namiji rabon mata biyu, magana ta ƙare. Hajiya 'yar Amurka, wadda ta turo kuɗin rufin kwano da na katanga, tana da wani malamin daban, mai baƙin kwat. Shi zai karanto mata dokar PNDC mai lamba 111 ta shekarar 1985, ta zamanin Rawlings, wadda ba ta tambayar addinin mamaci in bai bar wasiyya ba. A cikinta gida ɗaya da kayan ɗaki na matar aure ne da 'ya'ya, a sauran dukiya mata su ɗauki kashi 3 cikin 16, 'ya'ya 9 cikin 16, ba bambancin mace da namiji. Kawu mai carbi jin haka sai hawayensa ya zama na gaske.

Sai loya ya tambayi uwargida takardar aure. Takarda kuma? An ɗinka atamfar yayi, an toshe titi da rumfuna, an ci waakye har aka raba wa masu wucewa, duk Madina shaida ce. Sai dai tun 1907 Turawa suka kafa dokar auren Musulmi da ta ce a yi rajista cikin mako ɗaya, makon da ango ke ɓuyan masu bin sa kuɗin kujeru. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya bar buɗar kai ya tafi ofishin rajista ba.

Shari'a ta shiga kotu, ana ɗagawa. Gidan da aka ƙi rabawa ya raba kansa: kowa ya garƙame ɗakin da ya samu, ya zuba ɗan haya, ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda. Magudanar tsakar gida ta toshe, ita kaɗai ce ba ta da magaji. A jikin bango kuma an rubuta da jan fenti, da Turanci, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Autan gidan ne ya rubuta, bayan ya karɓi kafin alƙalami daga hannun mutum biyu.