Jirgin da Ke Shan Mai da Harsashi

Kamfanin Sega na Japan ya fito da wasan Zaxxon a 1982, zamanin da sai ka jefa tsaba a akwatin wasa kafin ka taɓa shi. A 2009 aka sake cusa shi cikin tarin tsofaffin wasannin Sega na PlayStation 3 da Xbox 360. Da na zauna zan gwada shi, na ce ai tsohon yayi ne, minti biyar na gama da shi. Ashe furfura ba ta hana karo da bango.

Jirgin da kake tuƙawa a wasan a karkace yake ratsa allo, kai kana hangensa kamar daga kan soro. Tsayinsa kuwa sai ka duba inuwarsa a ƙasa, ko ma'aunin da ke gefen hagu. Katangar farko ta cinye ni sau bakwai. Ɗana na gefe yana ƙunshe dariya: "Baba, yi sama mana!" Na ce ina nazarin ginin ne.

Amma batun mai ya fi ɗaure mini kai. In tankinka ya kusa ƙafewa, sai ka harbe tankunan man abokan gaba, naka ya ƙaru nan take. Masu bin layi a gidan mai, don Allah a bar wannan dabara a allo.