Ka Kawo Teku Falo, Kana Mamakin Ta Yi Gardama

Ka sayo tankin gilashi, ka girke shi a falo, ka cika shi da ruwan gishiri, ka kunna fitila mai shuɗin haske, ka harɗe kana jiran a naɗa ka Sarkin Ruwa. Tun fim ɗin Finding Nemo na 2003 kake mafarkin kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo. Madalla! Yanzu ga shi ko wata ba a rufa ba, ruwa na raguwa, ma'aunin zafi na hawa da sauka, famfo na gurnani, kai kuma kana neman wanda za ka ɗora wa laifi. Gyara zama, Malam, yau da ni za ka yi.

Ka ce tankin yoyo yake yi, mai shago ya cuce ka? Shafa gindinsa da busasshiyar takarda tukuna. Ta jiƙe? Ba ta jiƙe ba. To ka nemi gafarar bawan Allah. Iska ce ke shan ruwanka, kuma da hunturu ta fi ƙishirwa, don busasshiya ce. Ka ce to ai da sauƙi, sai ka dama wani ruwan gishirin ka cike gurbin? Wayyo kifi! Wa ya gaya maka gishiri na tashi sama? Da yana tashi, da mutanen Bilma sun daɗe da sake sana'a. Su ruwa suke bari rana ta shanye a ramuka, su kwashe gishirin da ya rage. Abin da kake yi a falonka ke nan, sai dai kai ba ayarin raƙuman da zai zo saye.

Ga lissafi, ko da ka tsani lissafi. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowane kilo. Idan tankinka lita 100 ne, lita 5 suka bi iska, ƙarfin gishirin ya doshi 37. Lita 10 suka tafi, ya kusa 39. Ka cike da ruwan gishiri, ƙarfin bai koma 35 ba, gobe kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Abin da ya tafi ruwa ne zalla, don haka ruwa zalla za ka mayar, kaɗan-kaɗan, kullum. Manna ɗan salatif a jikin gilashi daidai bakin ruwa, ka riƙa cikewa zuwa nan. In kai mai mantuwa ne, akwai na'urar da ke cikewa da kanta.

Ka ce ruwan famfon gidanku garau yake, kai ma shi kake sha? Sha abinka lafiya. Kilorin da ke kare cikinka ƙona gaɓoɓin numfashin kifi yake yi, ɗan ɓurɓushin jan ƙarfe kuma na kashe jatan lande da murjani. Ruwan da aka tace da na'urar RO ake so. Kafin ka leƙa kicin ma bari in tare ka: gishirin miya ba ya wannan aiki. Na tanki haɗi ne na musamman, da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran da ke cikin teku.

Ka ce ka ɗanɗana, gishirin daidai ne? Sannu, babban ma'auni! Harshen da yaji ya gama da shi ne zai bambanta awon gishiri 1.025 da 1.029? Nemi rifiraktomita, ɗan abin da ake ɗiga wa ruwa a leƙa ta cikinsa, ka kuma riƙa saita shi. Ma'aunin roba mai allura kuwa, ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale a allurar sai ya shirga maka ƙarya ba kunya.

Sai zafi. Kifayen murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kuma sun fi son ya tsaya wuri guda. Ka ce hita? A ƙasar da rana ke gasa mutum kyauta? Haka ne, da bazara. Amma ka manta daren Janairu a Kano, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, kai kanka kana ƙudundune cikin bargo biyu? Kifi ba shi da bargo. Ruwan da ya yi ɗumi da rana ya yi sanyi da asuba shi ke raunana shi, cutar fararen ɗigo ta samu ƙofa.

Ka ce to za ka sayi ƙatuwar hita ka huta? A'a, tsaya. Mugun halin hita shi ne ta maƙale a kunne, ta ƙi mutuwa. Babba ta yi haka cikin dare, da safe farfesu za ka tarar. Ƙanana biyu sun fi: ɗaya ta haukace ba ta da ƙarfin dafa tankin da wuri, ɗaya ta mutu 'yar'uwarta ta riƙe. Kada kuma ka gaskata lambar da ke jikinta, sa ma'aunin zafi daban ya zama shaida. Ranar canjin ruwa ka cire ta daga soket, don ta gilashi in ta yi zafi a waje fashewa take.

Da Afrilu kuma labari ya juya. Waje na taɓa digiri 40, fitila na ƙara zafi, famfon da ke cikin ruwa shi ma yana ƙarawa. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, shi ya sa ka ga kifi a sama yana haki. Ka ce gaishe ka yake? Numfashi yake nema! Murjani kuwa in zafi ya daɗe sai ya kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya koma fari fat. Ka ce bari ka antaya ƙanƙara? Ka tsarma gishiri, ka girgiza kifi, duk a tashi ɗaya. In ta kama dole, rufaffiyar gorar ƙanƙara ake sa wa ta yi iyo. Mafi sauƙi, buɗe murfi, rage awannin fitila, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Dabarar randa ce: tururi ya tashi, ruwa ya huce. Ka ce ai ruwan zai ƙara raguwa? Ashe kana bin karatun! Zai ragu, sai ka ƙara cikewa. In hakan bai isa ba, sai injin sanyaya ruwa, aljihu ya yi haƙuri.

Ka ce na'urar kumfar nan mai tsamo datti ta lalace, sai ambaliya take? Sabuwa ce, takan yi mako ɗaya ko biyu kafin ta nutsu. Rage mata ƙarfi ka ƙyale ta. Famfo na ƙara? Duba ko iska yake zuƙa don ruwa ya yi ƙasa, ko ɗan dodon koɗi ya shige masa. Abin da ya kamata ya hana ka barci shi ne ɗauke wuta. Famfo na tsayawa, ruwan sama ya sulalo ta bututu zuwa ƙaramin tankin ƙasa, in babu sarari kafet ya sha. Kashe wutar da hannunka da rana tsaka ka ga inda ruwan zai tsaya. Tanadi ɗan famfon iska mai batir, ko ka haɗa famfo da inbata, don rashin motsin ruwa ya fi duhu kisa. Wayoyi kuma ka bar su su lanƙwaso ƙasa kafin su hau soket, ɗigon ruwan gishiri ya sauka a ƙasa maimakon ya bi waya.

Ka ce duk ka ji, gobe za ka zuba kifi goma? Gaggawa dai aikin wa? Sabon tanki na buƙatar kamar mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyar da ke mayar da gubar amoniya naitirait, sannan naitiret, ta zauna. Sai awo ya nuna amoniya da naitirait sifili, sannan kifi ɗaya ko biyu su shigo.

Kifin nan daga ruwan da ba ya sauya hali dare ɗaya ya fito. Kai kuwa da safe ka murɗa hita, da azahar ka ƙara gishiri, da la'asar ka juya duwatsu, da dare ka ce kayan jabu ne. Gyara abu ɗaya, ka rubuta awonka, ka jira kwana biyu ka gani. Ka ce hannunka ne ke ƙaiƙayi, ba ya iya zama? Ga mota can a waje ta yi ƙura, je ka wanke.